Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙungiyoyin agaji: ina sunan yarinyar da ke bangon rahotonku?

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin agaji, da jami'ansu na yaɗa labarai, da editocin da ke karɓar hotuna daga hannunsu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ku daure ku karanta wannan takarda har ƙarshe, ko da ta yi muku tsawo. Ni ba mai ɗaukar hoto ba ne. Tafinta ne, kuma na yi shekaru ina bin masu ɗaukar hotonku a baya, jakarsu a kafaɗata, in juya maganarsu ga mutanen da suka je ɗauka, in juyo musu amsa. Na ci albashinku, ban manta ba. Don haka kada ku ɗauki maganata tamkar jifa daga bayan katanga. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kwanan baya rahoton shekara na ɗaya daga cikinku ya faɗo hannuna. Takarda mai sheƙi, bugu mai kyau, a bango ga wata yarinya ta zuba wa kyamara ido. Na duba ƙasan hoton, abin da aka rubuta shi ne "yarinya a bakin aiki". Shi ke nan. Ba suna, ba shekaru, ba gari, ba ranar da aka ɗauka. Na karkata takardar ina neman sunan wanda ya ɗauki hoton a gefe, sai tambarin ƙungiya kawai na tarar. Da na buɗe shafi na biyu kuwa, ga hoton shugaban ƙungiyar da cikakken sunansa, da muƙaminsa, har da jerin digirorinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, in tuna muku da wani mutum da ya yi irin aikin da kuke sawa a yi muku, fiye da shekara 100 da suka wuce, da kayan aikin da yau ko kyauta aka ba ɗan koyo ba zai karɓa ba.

Sunansa Lewis Hine. An haife shi a 1874 a garin Oshkosh da ke jihar Wisconsin a Amurka. Da mahaifinsa ya rasu a 1892, sai ya shiga wata masana'antar kujeru, yana aikin awa 13 a rana, kwana 6 a mako, ana biyansa dala 4 a mako. Da guminsa ya yi karatu, ya karanci ilimin zamantakewa, a 1901 ya zama malamin makaranta a New York. Shugaban makarantar ne ya fara ɗora masa kyamara. Daga 1904 ya riƙa zuwa tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙin da jiragen ruwa ke saukewa daga Turai. Kyamarar akwati ce ta katako a kan ƙafa uku. Dodon hoton gilashi ne mai inci 5 da 7, ana zura shi ɗaya bayan ɗaya. Haske kuma da hodar magnesiyam ake samunsa, a kunna ta ta yi fau, wuri ya turnuƙe da hayaƙi. A cikin wannan cunkoso, tsakanin mutanen da ba ya jin harshensu, da nuni da murmushi yake roƙon mutum ya tsaya masa. Ko tafinta ba ya nema, abin da ya kamata ya sa irina mu rage ɗaga kafaɗa.

A 1908 ya ajiye alli ya koma cikakken ma'aikacin Kwamitin Ƙasa kan Aikin Yara, wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1904. Wato dai irinku ce: mai neman gudummawa, mai buga rahoto da ƙasida, mai zawarcin 'yan majalisa. Ƙidayar 1910 ta nuna yara kusan miliyan 2, 'yan shekara 10 zuwa 15, suna aikin neman kuɗi a ƙasar, ban da ƙananan da lissafin bai ko waiwaye su ba. Suna masaƙu, suna mahaƙar kwal, suna masana'antar gilashi, suna gonakin auduga, suna tallar jarida har tsakar dare. Masu waɗannan wurare ba sa ƙaunar ganin Hine, don haka sai ya riƙa sauya riga. Yau shi ne jami'in duba matakan kashe gobara, gobe mai tallar Baibul, jibi mai sayar da katin hoto. Wani lokaci ya ce injuna ya zo ɗauka, ya nemi a tsayar masa da yaro a gefe wai don a ga girman injin. In an hana shi shiga, ya kafa ƙafa ukunsa a bakin ƙofa ya jira lokacin shiga ko na tashi. An sha yi masa barazana.

Jarumtar tasa kowa na iya yaba ta ya wuce. Ni aljihunsa nake so ku leƙa. Yana hira da yaro, hannunsa ɗaya na cikin aljihu riƙe da guntun fensir da ɗan littafi, yana rubutu ba tare da ya duba ba, don kada mai kula da ma'aikata ya farga. Ya auna tsawon kowane maɓallin rigarsa daga ƙasa, ya haddace. Idan yaro ya tsaya kusa da shi, sai ya lura kansa ya kai maɓalli na nawa, ya san tsawonsa ba tare da ya fito da tef ba. Da ya fita sai ya zauna ya mayar da wannan rubutun makafi ya zama bayani, kowane hoto da nasa.

Ga abin da ke fitowa daga aljihun. A ƙarshen Nuwamba 1908, a masaƙar Lancaster da ke Karolina ta Kudu, ya ɗauki wata yarinya tsaye tsakanin dogon injin kaɗi da tagogi, ya rubuta: Sadie Pfeifer, tsawonta inci 48, ta yi rabin shekara tana aiki. A Fabrairu 1911, a Biloxi ta jihar Mississippi, ya ɗauki wani yaro ba takalmi, da gwangwani a kowane hannu, tulin ɓawon kawa a bayansa kamar dutse: Manuel, shekara 5, mai ɓare jatan lande, bara ma ya yi aiki, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci. A Janairun wannan shekarar, a South Pittston ta Pennsylvania, ya shiga inda yara ke zaune layi-layi suna tsince duwatsu daga cikin kwal, ya rubuta cewa ƙurar kan yi kauri har ta hana gani, kuma akwai mai tsaya musu a ka yana zungurinsu ko shurinsu. Wanda ya fi burge ni kuwa na wasu 'yan tallar jarida uku ne a St. Louis, kowanne da taba a baki. Hine ya fara bayanin da cewa ƙarfe 11 na safe, Litinin, 9 ga Mayu 1910. Mai kallo zai tsaya a kan tabar. Hine ya san shaidar tana ga agogo, domin ƙarfe 11 na safiyar Litinin yaro a aji ya kamata a same shi.

Me ya sa yake shan wannan wahala? Domin ya san za a ƙaryata shi. Masu masana'antu na cewa shirya hotunan ake yi, ko su ce yaran kawo wa iyayensu saƙo suka yi aka ɗauke su. Iyaye da kansu na ƙara wa 'ya'yansu shekaru don kada a kore su. Hoto shi kaɗai ba ya iya tsayawa gaban kwamitin majalisa ya kare kansa. Suna da rana da wuri da tsawo ne ke tsaya masa. A 1909 Hine ya yi jawabi a wani babban taron ma'aikatan agaji, kakanninku a wannan sana'a, ya gargaɗe su cewa ko da hoto ba ya ƙarya, maƙaryaci na iya ɗaukar hoto. Bai yarda a taɓa hotonsa da gyara ko ƙari ba.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. A wasu bayanan nasa ya tsananta wa iyaye talakawa fiye da kima, yana kiran uba malalaci alhali bai san abin da ya zaunar da shi a gida ba. Kuma hotuna ba su ne kaɗai suka fitar da yara daga masaƙa ba. Dokar tilasta karatu ta yi nata, sababbin injuna sun yi nasu. Dokar tarayya ta farko kan aikin yara, ta 1916, Kotun Ƙoli ta soke ta a 1918. Sai a 1938 aka samu wadda ta zauna, ita ma ta bar yaran gona a baya, kuma kotun ba ta tabbatar da ita ba sai a 1941, watanni kaɗan bayan an binne Hine.

Amma ku ga abin da suna ke yi bayan kowa ya mutu. A Agusta 1910, a North Pownal ta jihar Vermont, ya ɗauki wata siririyar yarinya cikin rigar da maiƙo ya ɓata, ƙafa ba takalmi, ta ɗora hannu a kan injin kaɗi. Ya rubuta cewa 'yan matan masaƙar sun ce shekararta 10, ita kuma ta ce masa 12. Dubi adalci: ya kawo maganar ɓangare biyu bai zaɓi wadda ta fi amfanar ƙungiyarsa ba. A wani wuri tsakanin rubutun hannu da katin ajiya, sunan ya karkace ya koma Addie Laird, aka yi ta bugawa a haka. A 1998 gwamnatin Amurka ta sa hoton a kan sarki. Bayan sama da shekara 90 da ɗaukar hoton, wata marubuciya ta bi rajistar ƙidayar 1910 ta garin, ta tarar babu wata Laird, amma akwai Addie Card 'yar shekara 12 a gidan kakarta. Daga nan wani mai bincike, Joe Manning, ya bi sawu har ya gano zuriyarta da kabarinta. Ta rasu a 1993, tana da shekara 94, shekara 5 kafin fuskarta ta hau ambulan mutane. Sunan da aka rubuta, ko da ya karkace, ya bar bakin zaren da za a ja. Manning ya ci gaba da wannan aiki, ya gano ƙarshen labarin ɗaruruwan yaran Hine, ya kai wa jikoki hoton kakanninsu da ba su taɓa sanin akwai shi ba. Da "yarinya a bakin aiki" aka rubuta, daga ina zai fara?

Akwai wani hoton da na tabbata kowannenku ya taɓa gani, ko da bai san tarihinsa ba: mace zaune bakin tanti, yatsu a haɓa, yara biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta, jariri a cinya. Dorothea Lange ce ta ɗauke shi a Maris 1936 a Nipomo ta Kalifoniya, tana yi wa gwamnati aiki. Gwana ce, ba mai musu. Amma da bakinta ta faɗa daga baya cewa ba ta tambayi matar sunanta ko tarihinta ba. Hoton ya fito a jarida, gwamnati ta aika abinci mai nauyin laba 20,000 zuwa sansanin, lokacin matar da iyalinta sun riga sun yi gaba. Shekara 42 ana buga fuskarta a duniya ba suna, sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta. Florence Owens Thompson ce, 'yar ƙabilar Cherokee, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin Amurka, abin da bai taɓa faɗo wa miliyoyin masu kallon hoton a rai ba. 'Ya'yanta sun ce motarsu ce ta lalace suka tsaya a wurin, kuma ba su sayar da tayoyinsu don sayen abinci ba kamar yadda Lange ta rubuta. Ita kuma ta ce ko sisi ba ta samu ba, ko kwafin hoton ba a aiko mata ba. Minti goma aka yi da ita. Minti ɗaya a kai da ya isa a tambayi suna.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko kan nawa.

Wata rana mun tsaya a wani wurin da ake buga bulo ana gasawa. Direba ya ce minti 40 gare mu, akwai wurare biyu a gaba kafin rana ta faɗi. Akwai wata yarinya da ke kwasar bulo huɗu-huɗu a ƙirji tana jerawa. Ƙura ta mayar da girarta ja, babban yatsan ƙafarta na hagu ɗaure da tsumma. Mai hoton, mutumin kirki ne wallahi, ya durƙusa a gabanta, kyamara na ta ƙyat-ƙyat-ƙyat, kafin in gama gaisawa da manya ya wuce hoto 200. Ni aka miƙa wa fom ɗin amincewa. Shafi biyu ne cike da maganar lauyoyi, na dunƙule su cikin jimla uku na faɗa wa mahaifiyar, ta dangwala yatsa. Akwai gurbin sunan yarinya, amma jami'ar da ke tare da mu ta ce in bar shi, za a cike a ofis. Yarinyar ta biyo ni har bakin mota. Ta faɗa mini sunanta ba tare da na tambaya ba, ta maimaita, sannan ta ce, "Kawu, yaushe za a kawo mini nawa?" Mai hoton ya tambaye ni me ta ce. Na ce masa gaishe ka take yi.

Na rubuta sunan a bayan rasiɗin mai, na cusa a aljihu. Rigar ta tafi wanki da shi. Bayan shekara biyu na ga hoton a bangon wani rahoto. Daga baya na sake ganinsa a intanet, a wata sanarwar neman gudummawa, an yanke mahaifiyar da ke tsaye a gefe, an rubuta maganar marayu a ƙasa. Ban ce wani ya zauna ya ƙudurta yin ƙarya ba. Wanda ya zaɓi hoton daga rumbun ofis bai san tana da uwa ba, don babu abin da ke jikin hoton da zai gaya masa. Ni da na sani, na bar sanin a aljihun rigar wanki. Hine da aljihu ya yi aiki, ni ma da aljihu na yi nawa.

Na san amsar da ke bakinku, domin na sha jin ta a tarurruka: kare yara. Kuna da gaskiya a nan, ban raina ta ba. Yarinyar da aka ci zarafinta, yaron da aka ɗora wa bindiga, mai cutar da jama'a ke ƙyama, wanda zai rasa aikinsa ko ransa idan aka gane shi, duk waɗannan ba a buga sunansu, wani lokaci ko fuskarsu ba a nunawa. Duniyar intanet ba ta Hine ba ce, suna ɗaya na iya kai mugu har ƙofar gida. Sai dai ɓoye suna daban, rashin sanin suna daban. Likita ba ya shelar sunan majinyaci, amma fayil ɗinsa na nan a kulle, ranar da aka nema za a samu. Ku gwada kanku da wannan: idan yarinyar da ke bangon rahotonku ta kai shekara 25, ta shigo ofishinku ta ce tana son ganin hotonta, ko ta ce ku daina amfani da shi, akwai wanda zai iya buɗe rajista ya same ta? Idan akwai, kun kare ta. Idan babu, kanku kuka sauƙaƙa wa aiki kuka kira shi kariya. In kun sauya mata suna don tsaro, ku rubuta a ƙasa cewa an sauya, mai karatu ya san akwai na gaskiya a ajiye.

Abin takaicin shi ne aikin bai taɓa yin sauƙi kamar yanzu ba. Kyamarar yau da kanta take rubuta rana da sa'a, wata har da wurin da aka tsaya. A cikin kowane hoton dijital akwai gurbin da aka tanada don bayani da sunan mai ɗauka, yana tafiya tare da hoton duk inda ya je, in dai an cike shi kuma ba a goge ba. Yawancin shafukan sada zumunta suna goge shi da zarar an ɗora, wannan sananne ne, shi ya sa dole asalin ya zauna a hannunku cikakke. Abin da Hine ke yi a makance da guntun fensir, yau minti biyu ne a kan kwamfuta, kuma shi ne ake tsallakewa.

Ga inda hanyar ta nufa. A 2023 ƙungiyar Amnesty International ta wallafa hotunan da ƙirƙirarriyar basira ta ƙaga don tuna zanga-zangar da aka yi a Kolombiya a 2021. Ta ce ta yi haka ne don kare masu zanga-zangar, aka yi mata ca, ta janye su. Masu sukar sun yi daidai, amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin wannan da abin da aka saba ba ta da yawa. Hoton da ba suna, ba rana, ba wuri, da me zai nuna ya fi wanda na'ura ta zana? A da sai maƙaryaci ya sayi kyamara ya yi tafiya. Yanzu daga kujerarsa zai samar da yara dubu masu hawaye. Ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF ya ce a 2020 yara miliyan 160 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba. Ranar da jama'a suka daina gaskata hoto, waɗannan yaran ne suka yi asarar shaida, kuma ba abin da zai dawo da ita sai littafin da ke bayan hoton.

Littafin nan kuwa lokaci yake ci, a nan ne maganar ta dawo kan yadda kuke riƙe masu ɗaukar hoton. Na ga takardun da kuke ba su. Wuri biyar a rana ɗaya, da jerin abin da ake so tun kafin a bar ofis: uwa mai murmushi, yaro riƙe da kaya mai tambarinku, ɗaya mai ban tausayi don neman kuɗi, ɗaya mai fara'a don godiya. A biya shi kuɗin yini, ya sa hannu ya sallama duk haƙƙinsa, a cire sunansa. Wanda aka aika ya cike jeri ba zai ga rayuwar mutane ba, abin da aka rubuto masa zai gani. Mai ɗaukar rayuwar yau da kullum sai ya zauna har an gaji da kallonsa, an koma harkar gaba, sannan aikinsa ke farawa. Hine ya yi kusan shekara 10 a kan magana ɗaya. Kuma ya ce abu biyu yake son nunawa, abin da ya kamata a gyara da abin da ya kamata a yaba. Shi ya sa yaransa ba sa kama da mabarata. Yakan sauke kyamarar daidai idonsu, su dube shi kai tsaye, wasu har da 'yar gadara.

Ku ji yadda aka saka masa. Da kwamitin ya rage masa albashi, sai ya bar su ya bi Red Cross zuwa Turai a 1918. Da ya dawo ya koma ɗaukar ma'aikata manya da injunansu. A 1930, yana da shekara 56, aka ba shi aikin ɗaukar ginin dogon benen Empire State a New York, har ana lilo da shi cikin kwando a sararin sama don ya samu magina a kan ƙarafa. Bayan nan kasuwarsa ta mutu. Hukumar gwamnatin da ta ɗauki su Lange aiki, wadda a kan tafarkin da ya share take tafiya, ya nemi ta ba shi aiki ta ƙi. A 1939 wasu matasan masu hoto da masu sharhi suka shirya masa baje koli a New York, aka yaba, yabo bai biya bashin gida ba. Matarsa ta rasu a ƙarshen wannan shekarar, gidan ya suɓuce, ya nemi tallafin gajiyayyu. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba 1940 yana da shekara 66. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

Kayan aikinsa ma da ƙyar suka sha. Ɗansa ya miƙa su ga wata ƙungiyar masu hoto, ita kuma ta rushe a 1951. Aka yi wa babban gidan adana zane-zanen zamani na New York tayi, bai karɓa ba, sai gidan adana hotuna na George Eastman da ke Rochester ya ɗauka. Abu ɗaya da kwamitin ya yi daidai, kuma ina so ku kwaikwaya, shi ne a 1954 ya miƙa wa ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka hotuna sama da 5,000 tare da bayanansu. Yau kowa na iya buɗe su a intanet kyauta, ya karanta abin da aka rubuta a aljihu. Daga baya hotunan mutumin da ya mutu ba gida suka yi tsadar da har aka shiga yin na jabu: a ƙarshen shekarun 1990 aka gano wasu da ake sayarwa a matsayin wankin hannunsa an buga su ne a kan takardar da ba a fara yin irinta ba sai bayan 1950. Naku rumbun fa, ina zai koma ranar da tallafi ya yanke aka rufe ofis? Na ga inda aka tattara aikin shekaru a faifan kwamfuta ɗaya, jami'in da ya san kalmar sirrin ya sauya aiki, magana ta ƙare.

Roƙona bai fi ƙarfinku ba, ranku ya daɗe. Kada hoto ya shiga rumbunku sai da suna da shekaru da wuri da rana, da abin da mutumin ya faɗa da bakinsa, ko da ba za a buga ko ɗaya ba. Ku rage wuraren da ake zagawa a yini, ku bar mai hoto ya zauna. Ku sa sunansa inda ido zai gani, ku bar masa haƙƙin aikinsa. Fom ɗin amincewa a rubuta shi yadda tafinta zai iya karanta shi duka a tsaye cikin rana, kuma a faɗa wa mutum ƙarara inda fuskarsa za ta je da shekara nawa za ta yi tana yawo. A cikin kasafin tafiya ku ware kuɗin wanke hoto da na komawa a kai wa masu shi. Bai kai kuɗin bugun bangon rahoto ɗaya ba. Mu tafintoci kuma ku riƙa tambayarmu sau biyu idan muka ce gaisuwa ce kawai.

Saura buƙata ta kaina. A rumbun ɗaya daga cikinku akwai hotuna sama da 200 na wata yarinya mai bulo huɗu a ƙirji da tsumma a yatsan ƙafa, kuma a wani fayil akwai fom mai dangwalen mahaifiyarta, da rubutun hannuna a kai, gurbi ɗaya ba a cike ba. Sunan uwar na jikin fom ɗin, ranar kuma kyamara ta rubuta. Duk wanda ya ci karo da su, ina roƙon ya wanke mini guda ɗaya, wanda ba a yanke uwar ba, ya haɗa mini da kwafin fom ɗin. Kuɗin mota ni zan biya.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon tafinta.